Dokin Surukin Yuliyus

Shekara biyu Garzali yana gaya wa Yuliyus cewa a cikin dawaki ya tashi. Gadi suke yi a wani bene a unguwar Al Mirqab, can ƙasar Larabawa, ɗakinsu ɗaya a Al Muntazah, ga hira ba ta ƙarewa. Gaskiyar ita ce jaki ɗaya tak mahaifin Garzali ya taɓa mallaka.

Ranar Juma'a da hantsi Yuliyus ya shigo da gudu, riƙe da waya. Shi mutumin Sumba ne, wani tsibiri a Indonesiya, kuma a danginsu sai an kai wa uban yarinya doki kafin a yi zancen aure. Tsohon, uban yarinyar da Yuliyus ke nema, ya riga ya mayar da doki ɗaya. Ya ce idan na biyu bai yi masa ba, a bari sai baɗi.

"Yalla, taso, sarkin dawaki! Kawuna ne a waya yana nuna dawaki daga gida, zaɓa mini."

Garzali ya duba. Dawaki uku ne gajeru, masu kaurin wuya, tsaye a kan tudu. Zai iya nuna kowanne, ba mai kama shi. Amma ƙaryar da ta zauna shekara biyu ba ta cuci kowa ba, yau auren mutum za a ɗora mata.

"Abokina," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "ban taɓa hawa doki ba. Jaki na sani."

Yuliyus ya fashe da dariya har wayar ta kusa faɗuwa.

"Ai na sani! Ranar da wani doki ya yi atishawa a kasuwar Souq Waqif, ina ka tsaya? Bayan mai shayi!"

"To don me ka kawo mini?"

"Kawuna launi yake kallo. Surukina kuwa gona yake zuwa."

Garzali ya gyara zama. Ya ce a ja su a kan duwatsu, a ɗaga kowane kofato ya gani. Jan, wanda kawun ke so, yana ɗingisa ƙafar baya. Na ƙarshe, wani toka-toka mai ƙaton kai, tafiya yake kamar ba duwatsu.

"Wannan mummunan," in ji Garzali. "Khalas, magana ta ƙare."

Bayan kwana huɗu bidiyo ya iso: ga tsohon a kan mummunan, ba sirdi, yana sukuwa a bakin teku, yana ihu da yarensu.

"Me yake cewa?"

"Wai a sa rana," in ji Yuliyus, yana share ido. "Kuma wai a gaishe da mai jaki."