Kabari a Hurumin Titi

Turke na uku suke bugawa lokacin da Mama Kokubanza ta fito daga kicin da wuƙar feraye ayaba a hannu. Ƙarar guduma ce ta fito da ita. Ta leƙa ta saman shingen da ya raba gonarta da ta maƙwabcinta, sai ga maza uku a tsakiyar ayaba, ɗaya yana jan tef ɗin awo, ɗaya kuma ya dasa ƙafarsa, takalmi da komai, a kan kabarin Kemilembe.

"Kai! Kai mai takalmi! Sauka daga kan matar mutane!"

Mutumin ya dubi ƙasa. Bai ga komai ba sai busasshiyar ciyawa da ganyen ayaba, irin shimfiɗar da ake yi wa kowace gona a nan gefen tafki. Ya dai matsa, saboda wuƙar.

Mai gonar, Mzee (wato Dattijo) Rwegoshora, mijin marigayiyar, yana zaune a ƙofar gidansa cikin tsohon kwat ɗinsa mai ruwan ƙasa, wanda ba ya cirewa ko rana ko ruwa. Ya haura tamanin, ƙafafu sun kumbura, wata biyu ke nan bai taka bakin hanya ba. Amma da ya ga baƙi sai ya miƙo musu ɗan kwandon busasshen kofi, don a ƙasar nan baƙo ba ya buɗe baki sai ya tauna ƙwayar kofin mai gida. Ka ji mutum! Ana yanka masa gona, shi yana ta rabon kofi.

Babbansu, wani matashi mai suna Mutalemwa daga ofishin tsara gari, ya rusuna ya karɓa da hannu biyu, sannan ya warware taswira a kan gwiwarsa.

"Mzee, unguwar nan ta shiga cikin gari tun bara, an yanka ta fuloti-fuloti. Gidanka fuloti ne mai lamba ɗari biyu da sha ɗaya, a yankin gidajen zama mai matsakaicin cunkoso."

"Matsakaicin me?" in ji Kokubanza, wadda tuni ta tsallako shinge.

"Cunkoso, Mama."

"Tsoho ɗaya da akuya biyu ne cunkoson?"

Mutalemwa ya yi kamar bai ji ba. "Daga wannan turke zuwa wancan kuma, mita goma sha biyar, hurumin titi ne. Wato filin da aka keɓe wa titi. Ba a gini a ciki, ba a haƙa rijiya, ba a binne kowa."

"Ina titin?"

"Yana kan takarda tukuna."

Tsohon ya daɗe yana tauna kofinsa kafin ya ce, "Ɗana, matata tana ƙarƙashin wancan gindin ayabar, shekara tara ke nan. Gefenta na hagu nawa ne. Wane suna kuka sa wa wurin?"

Mutalemwa ya bi taswirar da yatsa. "Fili mara gini, Mzee. Daga hoton sama aka zana. Ba a nuna kabari ba."

Daga sama, wai! To me mutum zai gani daga sama in ban da ganyen ayaba? Mutanen ƙasar nan ba su san kai gawa maƙabarta ba. A gonar ayabar gida suke binne nasu, a rufe da ciyawa, ayaba ta yi musu inuwa, jikoki su ci daga gindin. Kemilembe kuwa tun tana da rai ta ja kunnen kowa kada a ɗora mata siminti, ta ce nauyin da ta ɗauka a duniya ya ishe ta. Mijinta ya cika mata alkawari, kuma ga abin da cika alkawarin ya jawo: a idon ofis babu ita.

Da masu awon suka tafi, tsohon ya kamo hannun Kokubanza.

"'Yata, shekara talatin shinge ɗaya muke gyarawa. Ɗana Projestus yana can Dar es Salaam, shi kuma in ya ga takarda mai hatimi jikinsa rawa yake yi. Ke ba ki da wannan ciwon. In na tafi, ki sa ni a gefen Kemilembe."

"Haba Mzee, wa ya ce maka tafiya za ka yi? Kai da ka cinye min fara kwano guda makon jiya?"

"Ki ce min to."

"To," ta ce.

Sau uku ta hau babur zuwa ofishin. Ran farko aka ce ta kawo takardar shaidar kabari. Ta ce shaidar kabarin yana gida ƙafafunsa sun kumbura, in suna so su zo su tambaye shi. Rana ta biyu wata mata mai gilashi ta karanto mata littafin doka kamar tana karatun coci: tazarar gini daga bakin titi mita biyar, tazarar gefe mita ɗaya da rabi, magudanar ruwa, kusurwar gani a mahaɗa don direba ya hango na gefe. Kokubanza ta ce, "Direban da ba a haifa ba kun tanadar masa wurin hange, tsohon da ke mutuwa ba ku bar masa wurin kwanciya ba?" Aka ce ta rage murya. Rana ta uku aka nuna mata fom ɗin neman sauya amfanin fili, aka ce kwamiti na zama a kansa sau biyu a shekara. Ta fito tana huci, har ta wuce mai babur ɗin da ya kawo ta ba ta gan shi ba.

Kullum ta dawo sai tsohon ya ɗago kai. "Me suka ce?"

"Suna dubawa."

Ƙarya ce, kuma tana cin ta a rai, amma me za ta gaya masa? Cewa an yi wa kwalbati wuri a taswira, shi ba a yi masa ba?

Ranar Alhamis da hantsi ta kai masa kunun gero. Ya sha cokali biyu ya kawar da kai. Ya sa ta buɗe taga ta gefen gona. Daga gadon ana hango gindin ayabar, da turken siminti mai jan fenti a gefensa.

"Hagu fa," ya ce. "Ita ta dama take kwana. In kuka juya mu sai ta yi ta mita."

"Na ji, Mzee."

Ta fita ɗauraye kwanon. Kafin ta dawo ya cika, hannunsa ɗaya a aljihun kwat.

Projestus ya iso washegari. Tun da sassafe mazan unguwa suka haƙa ramin a hagun Kemilembe, ba wanda ya tambayi kowa. Mata sun cika tsakar gida a kan ciyawa, an ɗora manyan tukwanen ayaba da wake, Fada, limamin coci, ya iso da littafinsa. Ana shirin fito da akwatin sai ga Mutalemwa da takarda a hannu, da dogarai biyu na hukumar gari a bayansa. Wannan karon babu wanda ya miƙa masa kofi.

"Ina yi muku ta'aziyya," ya ce, idonsa a kan takarda. "Amma nan hurumin titi ne. Kuma ko cikin fulotin ma, yankin gidajen zama ba a binnewa. Akwai maƙabartar gari."

Kokubanza ta tako har gabansa. "Ɗan nan, dube ni. Ba takarda ba, ni. Ina kakanka yake kwance?"

Ya mayar da idonsa kan takarda.

"Tambayarka nake yi!"

"A gonarmu, Mama. A ƙauye."

"A ƙarƙashin ayaba?"

"E. Amma ƙauyenmu bai shiga gari ba tukuna."

"Tir! Ka ci kofinsa da hannu biyu, yau ka zo da dogarai ka hana shi ƙasarsa. Ba ka ji kunya ba?"

"Ba ni na zana ba, Mama. In kuka sa shi a nan, ranar da motar gyaran titi ta zo sai an tono shi."

"Ita fa? Matar da ke ciki?"

Mutalemwa ya naɗe takardar. "Kabarin da ba ya cikin taswira, ba ni da fom ɗinsa."

Wata tsohuwa ta rafka salati, mata suka ɗauki guna-guni. Kokubanza ta juya wurin Projestus. Kalma ɗaya take jira daga bakinsa, da maza arba'in sun kewaye ramin, a ga dogarin da zai ratsa su. Amma ɗan birni ya karɓi takardar, ya karanta har hatimin.

"Mama Koku, ba zan iya ganin an tono Baba ba. A kai shi can."

"Na yi masa alkawari, Projestus."

"Ki yafe min."

Haka aka ɗora Mzee Rwegoshora a bayan akori-kura, aka kai shi bayan gari, wani tsandauri da ko tsiron ayaba ɗaya babu. Aka ba shi layi na goma sha huɗu, lamba shida, tsakanin mutane biyu da bai taɓa gaisawa da su ba. A wajen kansa ma'aikacin wurin ya buga ɗan turken siminti mai jan fenti, irin na gonarsa sak. Kokubanza ba ta yi kuka ba.

Da suka dawo da la'asar, ramin yana nan a buɗe. A ƙasar nan kuwa ba a barin kabari ya kwana babu kowa a ciki, kuma ba a mayar masa da ƙasa haka kawai, don an ce sai ya nemi wani a gidan. In babu gawa, kamar wanda tafki ya ci, kututturen ayaba ake sarowa a kwantar a madadinsa. Dattawa suka saro ɗaya daga gindin Kemilembe, daidai tsawon mutum.

Mutalemwa yana nan tsaye a bakin shinge, an bar shi ya tabbatar an rufe ramin. Kokubanza ta dube shi.

"Wannan fa? Shi ma sai kwamiti ya zauna?"

Wallahi sai yaron nan ya buɗe littafinsa, ya lashi yatsa, ya juya shafi.

"Ayaba ce," ya ce a hankali. "An yarda da noman wucin gadi a hurumin titi. Babu laifi."

Ta juya masa baya. Ta shiga ɗakin tsohon ta ɗauko kwat ɗin mai ruwan ƙasa daga kan gado, ta durƙusa ta sa wa kututturen, ta ɓalla maɓallan ɗaya bayan ɗaya har wuya. A aljihun dama ta ji ƙwayoyin kofi uku, ta bar su. Maza biyu suka shiga ramin suka karɓa.

"A hankali," ta ce. "Ku juya shi ya fuskanci dama, wajen matarsa."