Takardar Ƙofar Goggo Velichka

Bas ɗin ta riga ta haye gadar ƙarshe ta kama hawan dutse lokacin da Loretta ta buɗe littafinta na yawon buɗe ido, don ta duba shekarar da aka gina gidan sufayen Kirista da za ta gani. Maimakon shekarar, sai ta tarar da fuskar Radoslav tana kallonta daga tsakanin shafuka.

Ta rufe littafin da sauri ta saci kallon matar da ke gefenta. Matar barci take yi, buhun jan barkono a tsakanin ƙafafunta. Loretta ta sake buɗewa a hankali. Takardar ce dai, wadda ruwan sama da rana suka mayar ruwan ƙasa, da baƙin layi zagaye da ita, ƙaramin gicciye a sama, a tsakiya kuma saurayi mai faɗin goshi yana murmushin da ake yi wa mai ɗaukar hoto. Kusurwa ɗaya ta yage. Ta cusa hannu a aljihun rigar sanyinta, ƙananan ƙusoshi huɗu suka soke mata yatsa.

Wata biyu ke nan da zuwanta Bulgeriya daga Ohio don koyar da Turanci a sakandaren garin. Makaranta ce ta samo mata ɗaki a saman benen Goggo Velichka, tsohuwar da ba ta sa komai sai baƙi, ba ta kuma jin ko kalma ɗaya ta Turanci. Duk da haka faɗa take mata kullum: kada ta fita da jiƙaƙƙen gashi, kada ta buɗe taga da ƙofa lokaci guda iska ta shige ta, kada ta taka siminti ba silifa. Duk ranar makaranta kuwa, in ta dawo za ta tarar da kwanon miyar wake ko gasasshen barkono da cuku a kan matakala, an rufe da faranti.

Loretta tana da wata ɗabi'a, ɗaukar hoton ƙofofi. Duk Asabar takan aika wa mahaifiyarta guda. Yau da safe da ta fito, rana ta faɗo a kan ƙofar gidan, tsohon katakon ya yi ja kamar zuma, ganyen inabi yana lilo a samansa. Takardar ce kawai ta ɓata tsakiya. Ba wai ba ta san mece ce ba. Tun makon farko aka faɗa mata takardun rasuwa ne, suna ko'ina a garin, jikin bishiyoyi, bangon coci, tashar mota. Ta kuma san wannan ta Radoslav ce, ɗan Goggo Velichka. Minti ɗaya kawai ta ce a ranta. Ta ɓamɓare ƙusoshin da makulli, ta ɗauki hoto uku, sai bas ta yi hon a ƙasan layi, ita ce kuma kaɗai motar da ke hawa dutsen ranar Asabar. Ta ruga, ba ta ma san sanda ta cusa takardar a littafi ba.

Wayarta ta yi ƙara. Desislava ce, abokiyar aikinta, wadda ke mata tafinta tun daga ofishin 'yan sanda har kasuwa.

“'Yar yawo, kina ina? Kin yi sa'a da ba kya nan. Layinku ya cika.”

Ta ba ta labari da sauri, kamar mai gudun kada wani ya riga ta. Goggo Velichka ta fito shara ta ga ƙofa wayam. Ba ta yi wata-wata ba ta tsallaka titi ta dinga dukan ƙofar Trifon da tsintsiya. Loretta ta san Trifon da gani, dattijo mai ɗingishi da ke sayar da itacen wuta a gidan da ke kallon nasu. Abin da ba ta sani ba shi ne, shi ke tuƙa motar gungumen da ta zame a hanyar dutse bara, Radoslav yana gefensa. Trifon ya fito da karyayyiyar ƙafa, yaron mutane bai fito ba. Hukuma ta ce laifin ruwan sama ne. Tun ranar Goggo Velichka ba ta sake yi masa magana ba. Gobe ne ma shekara guda cif.

“Yanzu kowa ya yarda shi ne ya cire takardar,” in ji Desislava. “Wai ya gaji da buɗe ƙofa kullum yana ganin fuskar. Mata sun ce ko sanyi zai kashe su ba mai ƙara sayen itacensa.”

“Desi, takardar tana hannuna.”

Da Desislava ta amsa, muryarta ta yi ƙasa, wasan ya fita daga cikinta. Ta ce ba a cire su, ba wanda ke cirewa. Iska da ruwa ake bar wa su tafi da ita a lokacinsu, kamar yadda mutumin ma a hankali yake barin gida. Wannan kuwa ita ce ta farko, tsohuwar da hannunta ta kafa ta ranar da aka kawo gawar. Mai ɗab'i zai iya buga ɗari kafin azahar, ba ɗaya da za ta zama ita.

“Saurare ni da kyau, malama. Ki je ki kalli sufayenki, ki sayi zuma, ki dawo a motar ƙarfe huɗu. In kin samu sarari ki jefa ta bayan shinge cikin kabeji. Gobe a tsinta a ce iska ce.”

“Trifon fa?”

“Trifon ya saba.” Ta ja numfashi. “In tsohuwar ta san ke ce, ban san inda zan kai ki ba. Sau uku shugaban makaranta ya je roƙo kafin ta yarda ta ba ki ɗakin. Ɗakin wa kike tsammani kike kwana a ciki?”

Loretta ta tuna shatin hotunan da aka cire a bangon ɗakin, da sunan da aka karce a ƙasan teburin karatu, wanda ta ɗauka na wani ɗan haya ne. Desislava ta kashe wayar.

A gidan sufayen ta yi ƙoƙari ta bi shawarar. Ta bi ayarin baƙi ta tsakar gida mai shimfiɗar duwatsu, ta ɗaga kai ta kalli zanen aljanna da wuta a bangon coci, inda aka zana mai niƙa maha'inci da dutsen niƙa rataye a wuyansa. Ta sayi zuma. Wayar tana hannunta amma ko hoto ɗaya ba ta ɗauka ba. A cikin coci ta sayi siririn kyandir ta je za ta kafa shi a saman teburin tagulla, wani tsohon sufi ya tambaye ta na mai rai ne ko na mamaci. Ta gane tambayar, abin ya ba ta mamaki. Ta ce na mamaci. Ya nuna mata kwanon yashi da ke ƙasa dab da daɓe. Sai da ta durƙusa kafin ta kafa shi, ƙusoshin suka sake sukar ta a cinya.

Ƙarfe sha ɗaya bai yi ba ta fito. Ta tarar da wani mai motar burodi yana rufe bayan motarsa, ta faɗi sunan garin ta haɗa hannu biyu. Ya ture jaridu daga kujera ya ce ta hau.

Da ya ji daga inda ta fito sai ya ware. Ɗan ƙanwarsa yana Chicago yana tuƙa babbar mota, Plamen sunansa, dogo, ko ta san shi? Ta ce a'a. Ya ce to ai ba ta san Amurka ba ke nan. Ya yi ta surutu yana shan kwana da hannu ɗaya, ita kuwa tana riƙe da kwalbar zuma tana jera kalmomi uku a ranta da Bulgariyancin da take da shi. Ni na cire. Ni na cire. A wata kwana mai kaifi ya rage gudu ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa. A jikin dutsen an kafa ƙaramin allo da furannin roba. Ba ta tambaya ko nan ne motar gungumen ta zame ba.

Layinsu yana ƙamshin barkonon da ake gasawa na ajiyar hunturu, amma ba kowa a bakin murhu. Mata biyar ko shida suna jingine da shinge, hannuwa cikin aljihun rigar girki. Desislava tana cikinsu, da ta hango Loretta sai ta runtse ido. Goggo Velichka tana tsakiyar titi, tsintsiyar har yanzu a hannunta. Ta daina ɗaga murya, muryar ma ta dushe, magana take yi a hankali ba tsayawa, kamar mai karanto jerin sunaye. Trifon yana tsaye a ƙofarsa, hula a hannu, ya ɗora nauyinsa a kan ƙafa mai lafiyar.

Ya ɗago ya ga Loretta. Ya saukar da tafin hannunsa ƙasa sau biyu, a ɓoye, irin yadda ake ce wa mutum ya bari.

Nan ta tuna. Da safe yana faskare a tsakar gidansa, ƙofarsa a buɗe. Har hannu ta ɗaga masa sanda take ɓamɓare ƙusa ta biyu.

Ta ajiye zumar a ƙasa, ta buɗe littafin. Kalmomin ukun suka fito a karkace, amma sun fito. Ta miƙa takardar da hannu biyu.

Goggo Velichka ba ta karɓa nan da nan ba. Ta jingina tsintsiyar da jikinta, ta goge hannuwanta a rigarta, sannan ta amsa. Ta shafa kusurwar da ta yage da babban yatsa. Ta tambayi dalili, ba tare da ta kalli kowa ba. Desislava ta matso dole ta fassara, ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta faɗi gaskiya: don hoto ne.

“To, ga shi nan,” in ji wata mai jan gashi daga shinge. “Amurka ta aiko a share mana matattunmu, sun ɓata mata hoto.”

Ba wanda ya yi dariya. Tsohuwar ta juya wajen Trifon.

“Ka gan ta?”

“Na gan ta.”

“Ka tsaya tun safe ina ci maka mutunci a gaban mutane, ka kasa buɗe baki?”

Ya juya hular a hannunsa. “Shekara guda ba ki kira sunana ba, Velichka. Yau kin kira shi ya fi sau ashirin. Na ce bari in ji.”

Matan suka sunkuyar da kai. Wata ta tuna da barkononta ta tafi, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Loretta tana tsaye tana lissafa kayanta a zuci, akwati biyu da littattafai, tana tunanin ko Desislava za ta bar ta ta kwana a kujera.

Goggo Velichka ta miƙo mata hannu. Loretta ta zaro makullin ɗaki ta ɗora a kai. Tsohuwar ta kalli makullin kamar an ba ta mataccen ɓera, ta mayar mata, ta nuna wayar.

“Hoton take so ta gani,” in ji Desislava.

Loretta ta buɗe ta ba ta. Tsohuwar ta nisanta wayar daga idonta don ba ta sa gilashi ba. Ƙofar ce, ja kamar zuma, inabi a sama, ba komai a tsakiya sai ramuka huɗu da ba sa ma ganuwa. Ta daɗe tana kallo. Da fuskar wayar ta dushe, ta taɓa ta da yatsa yadda ta ga ana yi, ta ci gaba da kallo.

“Haka take a da,” ta ce. “Na manta.”

Ta mayar da wayar. Loretta ta fito da ƙusoshin, duk sun lanƙwashe ban da ɗaya. Trifon ya shiga gida yana ɗingishi, ya dawo da guduma da sababbi a tafin hannu, amma ya tsaya a bakin titi, bai tsallako ba.

Goggo Velichka ta ɗora takardar a mazauninta, daidai shatin da rana ta bari. Ta yi magana fuskarta tana kallon katako, Desislava ta fassara a hankali: gobe ƙarfe tara za a je makabarta, tukunyar dafaffiyar alkamar sadaka tana da nauyi, 'yar Amurka ce za ta ɗauka tun daga gida har can, kuma ta busar da gashinta kafin ta fito.

Sannan, ba tare da ta waiwayo ba, ta ce, “Har yaushe zan yi ta riƙewa? Hannuna ya gaji.”

Trifon ya mayar da hularsa, ya duba hagu da dama kamar akwai mota a layin, ya tsallako.