Sunan Shuyan Bai Bar Ƙauye Ba

Da takardar shiga jami'a ta iso wa Shuyan daga birnin Xi'an, Baffa Deshun ne ya haɗa walima. Shi ne ƙanin mahaifin Shuyan, kuma tun rasuwar yayansa bai taɓa leƙo su da ko ƙullin gishiri ba. Yau ga shi da taliya kwano-kwano da giyar dawa, yana ta rabon sigari.

Shuyan ta san kwanan zancen. A garinsu da sunayen da ke cikin jan littafin rajistar gida ake raba ƙasa. Suna biyu suka rage a nasu, ita da mahaifiyarta. In ta mayar da nata makaranta, rabin gonar tuffa zai koma hannun gari a rabon baɗi, ga shi gonar Baffa ce ke maƙwabtaka da ita, ɗansa kuma ya yi amarya, suna ya ƙaru a littafinsu. Sunan da ya fita birni ba ya dawowa.

Wannan rabin kuwa ita ta raine shi. Ita ke hawa tsani tana ɗaura wa kowane ɗan tuffa jakar takarda don tsutsa, littafin lissafi a cuse a ƙugunta, har fatar yatsunta ta tsage.

"'Yar birni!" in ji Baffa, ya ɗaga kofi. "Matar yaya, ɗauko littafin nan. Gobe ni da kaina zan kai ta a buga hatimi, har babur na wanke."

Mahaifiyarta ta yunƙura. Shuyan ta dafa mata gwiwa.

"Zauna, Inna. Baffa, babur dai ya sha wanka a banza."

"Ke, doka ce! Duk mai tafiya jami'a da sunansa yake tafiya."

"A zamaninku. Yanzu ganin dama ne, kuma ban ga dama ba."

Wani tsoho ya ƙware da dariya, taliya na lilo a bakinsa.

Baffa ya sassauta murya. "'Yata, mutane sun yi kuka da hawaye suna neman rajistar birni. Can za a yi ta ce miki baƙauya. Ko katin shaida kika yar, sai kin kwana a jirgin ƙasa kin zo nan."

"Zan kwana."

"Ke mace ce fa! Gobe wani zai ɗauke ki, ƙasar zuriyarmu ta Pang ta bi baƙo?"

"Ni ma Pang ce, Baffa. Lokacin da ƙanƙara ta zubar mana da tuffa, ni da Inna muka tsince su a laka. Ban ga wani Pang namiji a wurin ba."

Baffa ya dire kofin, ya tattara kwalaben da ba a buɗe ba, ya fice.

"Kin jawo mana," Inna ta ce a hankali.

"Na jawo. Ci taliyarki, ya riga ya biya."

A Xi'an ma'aikaciyar rajista ta tambaye ta har sau biyu ko ta tabbata ba za ta mayar da sunanta birni ba. 'Yan ɗakinsu suka yi ta kwaikwayon harshenta. Hutun farko a tsaye ta dawo, jirgi ya cika maƙil.

Da bazara masu rabo suka zo da igiyar awo. Suka duba littafi, suka ga suna biyu, suka naɗe igiyarsu suka wuce gonar gaba.