Selil a Bakin Isufu

Da Isufu ya san rigimar da akwatin nan zai jawo, da ya tare ɗan kabu-kabun da ya ɗauko shi tun a hanyar Azarori. Akwati ya iso kolej ranar Litinin, kafin Laraba gari ya hargitse.

Abin da ke ciki mikiroskof ne, na'urar da ke girmama ƙananan abubuwa, wadda malamin kimiyya, Mushe Nazifi (mushe ake ce wa malamin boko a nan), ya aro daga Madawa na mako guda. Ya sa 'yan ajinsa sun kankaro cikin kumatunsu da tsinke, ya shafa a gilashi, ya ɗiga shuɗin ruwa, suka leƙa. Amma labarin da ya shiga gari shi ne baƙon malami yana tara yawun yara, ba a san inda zai kai ba.

Isufu manomin albasa ne, mai yawan fargaba. In 'yarsa Nasiba ta yi tari sau biyu, ranar ba ya iya cin tuwo. Tana dawowa daga kolej ya tare ta a zaure.

"Ke, mi mushen nan ya yi muku?"

"Selil ya gwada muna, Baba."

Selil ɗaya ya sani a duniya, ɗakin da aka kulle shi kwana tara shekarar da ya je ci-rani babu takardu.

"Selil? Wa za a rufe?"

Nasiba ta tuntsire da dariya. "Ba na kaso ba! Jikinka duk selil ne, Baba. Albasarka ma haka."

Wannan bai kwantar masa da hankali ba ko kaɗan.

Bayan la'asar magidanta suka taru a ƙofar masallaci. Illa, yayan Isufu, shi ne ya yanke magana: daga gobe ba yaron da zai sake zuwa kolej sai an kori malamin.

"Kai ma ka jiya, Isuhu. Nasiba ta zamna gida."

Isufu ya sunkuyar da kai. Tunda aka haife shi bai taɓa yi wa Illa musu ba. Sai dai saura wata biyu Nasiba ta zauna jarrabawar birebe ta kammala kolej, wadda ta yi shekara huɗu tana yi wa karatu. Yana tsoron malamin, yana kuma tsoron yarinyar ta rasa jarrabawa, ya rasa wanne ya fi.

Da safe ya shiga rudu, bukkar da yake ajiye albasa, ya ɗauko guda biyu, mai kyau da ruɓaɓɓiya. Ya ce wa Nasiba ta ɗauki jakarta. Suka ratsa tsakiyar gari, ba ta bayan gidaje ba. Kafin su kai kolej, Illa da mutum kusan ashirin suna biye da su.

Ajin babu kowa sai Mushe Nazifi. Isufu ya ajiye albasa a kan tebur.

"Mushe, ni aji biyar na tsaya. Abin da ka yi ma ɗiyan mutane, ka yi mini, gaban kowa."

"Isuhu, ka haukace?" in ji Illa daga taga.

Isufu bai waiwaya ba, ya wangale baki.

Malamin ya miƙa wa Nasiba tsinke. Ita ta kankaro kumatun ubanta, ta ɗiga shuɗin ruwa, ta kuma ɓare wani siririn bawo daga albasa mai kyau ta shimfiɗa a wani gilashin.

"Fara da albasa, Baba. Rufe ido guda."

Ya leƙa. Shekara talatin yana noman albasa, bai taɓa sanin gini ce ba. Ƙananan ɗakuna ya gani jere kamar tubalin katanga, kowane da ɗigo a ciki.

"Su ne selil," in ji Nasiba. "Kowane da katangarsa, ita ke sa albasa tauri. Ɗigon nan shi ne maigidan ɗakin, shi ke tsara aiki."

Ta sauya gilashi. Yanzu wasu shuɗayen abubuwa ya gani a warwatse, kamar fatar da aka shanya.

"Wannan kai ne."

"Ina katangata?"

"Mutum da dabba ba su da ita. 'Yar fata ce kawai ta kewaye su."

Isufu ya ɗago kai ya ce, "Dama na sani."

Daga ruɓaɓɓiyar albasa ta ɗebo ruwa. Da ƙyar ya hango wasu ɗige-ɗige suna motsi. Mushe Nazifi ya ce ƙwayoyin cuta ne, kowace selil guda ce tak, tana da katanga amma ba ta da ɗigon tsakiya. Su ke narkar da ɗakunan albasa har rudu ya ɗauki wari.

Isufu ya miƙe, ya zaro gilashin yawunsa, ya ɗaga shi sama.

"Yaya, ga yawun da anka ce ana sata. Ko kaza ba za ta jiƙa baki da shi ba. Zo ka duba."

"Ba ni dubawa. Ka fito da yarinyar nan, ka ji ni?"

"Na ji ka, Yaya. Ba ta fita." Ya matsa kusa da taga. "Ni na haife ta. In akwai cuta ga abin nan, ga shi ni ma an yi mini, mu mutu tare. Nasiba, zamna."

Ta zauna a bencin gaba, ita kaɗai a ajin mutum sittin. Illa ya kaɗa riga ya tafi, mutane suka bi shi, ban da wani tsoho da ya tsaya a taga yana tambaya ko za a iya duba gero.

Isufu ya koma gida da gilashin a aljihu. Ranar Asabar aka mayar da mikiroskof Madawa. Zuwa lokacin yara goma sha ɗaya sun dawo aji. Ko sauran za su dawo kafin jarrabawa, ko za a bar Mushe Nazifi ya ƙare shekara, ko Illa zai sake taka zauren ƙanensa, har yau Isufu bai sani ba.