Taliyar Asta

Injin taliyar yana nan ɗaure a bakin benci inda Asta ta bar shi, da ɗan busasshen kwaɓi maƙale a haƙoransa. Tun ranar da aka fita da ita ba wanda ya taɓa shi. Duk da haka mijinta Alhaji Alamin ya dage cewa kullum da hantsi yana jin kukan mariƙinsa daga tsakar gida.

"Ba kowa a wurin, Baba," in ji Rahima.

"Ni ma ban ce akwai kowa ba. Cewa na yi ina ji."

Rahima ce 'yarsu ta fari. Ta baro mijinta da 'ya'yanta a Gashuwa ta tare a Nguru, a tsohon gidan da ke bayan tashar jirgin ƙasa, inda jirgi ya daɗe da daina zuwa. Ciwon sukari ya cinye wa tsohon ido, sai inuwar mutum yake gani, ga hawan jini. Tun da aka yi sadakar arba'in ya ɗauke baki daga abinci. Likita ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: in ya ci gaba da shan magani da cikin wofi, wata rana ba zai tashi ba, in kuma aka ba shi maiƙo, zuciyarsa ce za ta gaza.

Abu ɗaya yake so, taliya da miyar nono. Duk Nguru ba mai irin wannan girki sai Asta. Bafulatana ce ta auri ɗan kasuwa Bahaɗeje, ta haɗa nonon gidansu da taliyar gidansu, maƙwabta suka yi dariya har suka gaji, shi kuwa ya riƙa suɗe kwano. In ta ɗora, ƙamshin man shanu har zaure.

Sai dai Rahima ba ta iya ba, kuma ba laifinta ba ne. Kunyar 'yar fari ta sa Asta ba ta taɓa kama sunanta ba, sai "waccan" ko "yarinyar nan". Ana yaye ta aka miƙa ta ga ƙanwar uwar, Inna Zaituna, a Gashuwa. In ta zo hutu ta shiga madafa, Asta sai ta sami abin yi a ɗaki. Rahima ta san al'ada ce, ita ma ta haifi na fari ta ɗan kawar da kai, amma sanin bai taɓa rage mata ciwon abin ba.

Ta sayo taliya a kasuwa, ta dama madarar gari da ruwa mai yawa, ba ko ɗigon mai. Ya kai hancinsa ya ture kwanon. Ta sauya da nono, miyar ta tsinke ta zama ruwa da gudaji. Ya ce ta ba kaji. Kullum hularsa tana ƙara yi masa yawa, rigarsa tana ƙara rataya.

Ranar da ya kasa miƙewa sallar azahar sai da ta tallafe shi, ta ce a ranta likita ya yi haƙuri. Ta sayo kindirmo mai kauri, ta zuba man shanu ba tausayi. Ƙamshi ya cika gida. Tsohon ya gyara zama, ya yi bisimilla, ya kai loma ɗaya. Ya daɗe yana juya ta a baki.

"Ƙamshin shi ne," ya ce. "Amma wannan nauyi gare ta. Ta Asta ba ta kwanta wa mutum a ƙirji."

Loma ɗayan nan ma da jiri ya yini. Rahima ta zauna a bakin murhu ta yi kuka, rabi tsoro, rabi haushin matar da ta tafi da girkinta kamar yadda ta tafi da komai, ba ta bar mata ko kalma ba.

Washegari ta bar shi a hannun maƙwabciya ta shiga motar Gashuwa. Ta tarar da Inna Zaituna a gindin dalbejiya tana kaɗa nono a gora. Da ta gama ba ta labari, tsohuwar ta yi dariya har ta ajiye gorar, sannan ta goge ido da bakin mayafi.

"Man shanu kika zuba masa? Yarinya, rabon ubanki da man shanu tun shekarar casa'in da uku."

"Inna, ni da hancina nake jin ƙamshin duk hutu."

"Hancinki ya ji, shi ma nasa ya ji. Zauna."

Ta zauna. Inna Zaituna ta ce a shekarar ne Alhaji ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar hatsi, aka kai shi Kano, likita ya hana shi maiƙo. Ya dawo ya rantse shi ba zai ci abincin marasa lafiya ba, gara ya mutu da ɗanɗano a baki. Asta ba ta yi masa musu ba, don ba halinta ba ne. Sai ta ce za ta Gashuwa ganin gida.

"A madafar nan muka yi ta gwadawa, ke kina makaranta. Tsala take amfani da shi, nonon da aka riga aka cire wa mai. Ki dama ɗan garin alkama a ciki tun yana sanyi, shi zai hana shi tsinkewa, kuma wuta ƙasa-ƙasa, kada ya tafasa. Albasa, busasshen kifi, zogale da yawa, taliya kaɗan, siririya. Man kuwa, kamar kan ɗan yatsa. Ba a tukunya ba. Ta kifa murfi a kan garwashi, ta ɗiga shi a kai, ta ajiye murfin inda iska za ta kai masa ƙamshin ƙofa."

 Rahima ta tuna wani baƙin murfi da ke rataye shi kaɗai a bangon madafar Asta, wanda bai dace da kowace tukunya ba.

"Me ya hana ta koya mini?"

"Ta yaya? Ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da ke tana yi miki bayani?" Tsohuwar ta ɗauki gorarta. "Ta dai ce in ta riga shi, in faɗa wa yarinyar nan. Na so in faɗa ranar sadaka, bakina ya yi nauyi. Sirrin mace da mijinta ne."

Da hantsin kashegari Rahima ta kankare busasshen kwaɓin daga haƙoran injin. Ta kwaɓa gari, ta kama mariƙin. Wurin da tafin uwarta ya saba kamawa ya yi sumul, kuma daidai ya zauna a nata. Da ta juya, kukan ya fito. Daga ɗakin tsohon tarin da ya kwana yana yi ya tsaya cak.

Ta shanya taliyar a igiya, ranar Nguru ta busar da ita kafin azahar. Ta yi yadda aka ce mata. Miyar ta haɗu fara sol, ba ta tsinke ba. Ta sauko da baƙin murfin, ta kifa a kan garwashi, ta ɗiga man. Ya yi ƙara kaɗan, ƙamshi ya tashi ya bi ta ƙarƙashin labule. Ta ɗauki kwanon ta tsaya a bakin ƙofa, hasken rana a bayanta.

Tsohon ya ɗago kai ya dubi inuwar da ke tsaye.

"Asta?"

Ta buɗe baki za ta ce ni ce, Baba. Sai idonta ya faɗa kan wuyan hannunsa, fata da ƙashi.

"Na'am," ta ce.

Ta durƙusa ta ajiye kwanon. Ya laluba, ya yi bisimilla, ya kai loma, ya sake kai wata. Bai ɗago kai ba sai da ya kusa ganin ƙarshen kwanon.

"Kin daɗe," ya ce, ba faɗa a muryarsa. "Yarinyar nan taki ta sha wahala da ni. Ke da ba ki bari in huta da tambaya duk sanda na dawo daga Gashuwa, ta rame ne, ta yi tsawo ne, wane zane ta ɗaura, ta ci abinci a gabanka kuwa? To, ga ta nan a gidan. Ki je ki dube ta da kanki."

Rahima ta ce to. Ta jira ya suɗe kwanon, ta ɗauka ta fito. Tsakar gida ba kowa, sai ragowar taliya tana motsi a igiya, murfin kuma yana ɗan hayaƙi. Ta daɗe a tsaye a tsakiyar filin, inda ake iya ganin mutum daga ƙofar madafa.