Shawar Saman Bene

Rediyon Inna ne ya fara sauka ƙasa. Bayansa sai carbinta, sai man zafin da take shafa wa gwiwa. Ranar da Yaya ya leƙa ɗakinta bai ga matashin kanta ba, ya san magana ta yi nisa.

Gidan bene ne da mahaifinsu ya bari. Yaya da iyalinsa a sama, Auta da matarsa a ƙasa. Inna kuwa tun rasuwar mijinta a sama take, wajen babban ɗanta, kuma babu abin da Yaya ke tinƙaho da shi a dangi kamar wannan. Shawa ce ta jawo masa. Ta sama ɗis-ɗis take yi kamar mai yoyon hanci, ta ƙasa kuwa da an murɗa sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kullum da safe Inna za ta rataya tawul, ta dafa bango ta sauka. Da fari wanka kawai take yi ta dawo. Yanzu sai ta karya a can, a yi ta hira har hantsi. Ta taga Yaya yake jiyo dariyarta.

A matakala Auta ya tare shi.

"Yaya, dama kai nake nema. Hawa da saukar nan na wahalar da Inna. Na share mata ɗakin baƙi, ranar Asabar sai mu sauko da akwatinta."

"Mu? Kai da wa?"

"Ni da kai mana. Ko ciwon bayan ya fara ne?"

"Kai, yaro! Ni na yi maka wanka a baho, yau kai za ka nuna min ruwa?"

"To zo in rama, ga shawa nan," in ji Auta, ya wuce yana dariya.

Kafin azahar Yaya ya ɗauko mai gyaran famfo. Mutumin ya kwance kan shawar, ya tsokane hudojin da allura, ya mayar. Ruwan ya ɗan ƙaru, amma bai kai ya kawo ba. Ya hau rufi ya duba tanki ya sauko yana karkaɗe wando.

"Maigida, tankinka kusan kai ɗaya suke da shawarka, shi ya sa ruwan ba shi da ƙarfi. Na ƙasa kuwa daga nesa yake faɗo musu. Bututu ɗaya ne, a bayan bangon nan ya rabu biyu. Ko dai a ɗaga tankin, ko a sa ƙaramin injin tura ruwa a bakinsa, kowa ya samu."

"Kowa? Har na ƙasa?"

"Har su. Nasu ma sai ya fi na yanzu."

Yaya ya rage murya.

"Ba yadda za a yi abin ya tsaya a nan kaɗai?"

Mai gyara ya sosa ƙeya. "Akwai. A ɗaura injin bayan mararrabar, a kan reshenka. Sai dai bututun siriri ne. Duk sanda injin ya tashi zai zuƙe ruwan, na ƙasa iska za su samu."

"Ɗaura. Kuma babba za ka sa."

Matarsa da ke tsaye bakin ƙofa ta ce, "Baban yara, kar fa garin neman gira a rasa ido."

"Ke dai matsa masa ya shigo da kayan aiki."

Asabar da safe Yaya ya riga kowa tashi, ya tsaya a kan matakala kamar mai gadi. Inna na fitowa da tawul ya tare ta.

"Inna, yau ba inda za ki. Zo ki ga abin da ɗanki ya yi miki."

"Wane ɗan? Ni 'ya'yana da yawa."

"Na farin."

Ta harare shi, amma ta shiga. Injin ya yi gurnani, ruwa ya ɓarke har ana jiyo shi yana dukan tayil. "Kai! Wannan wanka ne ko duka?" in ji ta daga ciki. Can kuma sai ta soma ɗan waƙe-waƙenta. Yaya ya dubi matarsa yana washe baki.

Ihu ya taso daga ƙasa. Kafin a ce me, ga Auta ya hauro ɗaure da tawul, kumfa har cikin kunne, ido ɗaya a rufe.

"Yaya, me ka yi wa ruwan? Ina tsakiyar saɓa jiki ya ɗauke, famfon sai tari yake!"

"Wataƙila tankin ne."

"Tankin? Ga shi nan yana zuba a naka kamar damina!"

Inna ta kashe shawa. Nan take matar Auta ta ƙwala daga ƙasa, "Ya dawo!" Inna ta sake murɗawa. "Ya ɗauke!" Ta kashe. "Ya dawo!"

Ta fito a shirye, tana goge fuska. Ba ta kalli Auta ba.

"Babba, ka san haka zai faru?"

 Matar Yaya ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi, Inna kuwa ta gani.

"Ashe ruwan ɗan'uwanka ka janye ka watsa min a ka, ina ta sa maka albarka."

"Inna, shi ne fa yake neman ya raba ni da ke!"

"Ya raba ka da ni? Tambaye shi me na ce masa jiya."

Auta ya share kumfar ido. "Cewa ta yi in bar mata akwatinta. Wai a sama ta saba, kuma ba za ta sa ka ji kunya a dangi ba."

Yaya ya juya wajen Inna da sauri.

"To ai shi ke nan, Inna. Yau ɗin nan zan sa a cire injin, a mayar da shi bakin tanki, kowa ya samu."

"Ka sa a mayar, wannan dole ne. Amma ni na sauka." Ta nuna ɗakinta da haɓa. "Ɗauko akwatin. Kai da kanka, ban ce wani ya kama maka ba."

Ya shiga ya ciccibo shi, ya fito yana nishi. Auta ya matsa masa hanya, sannan ya leƙa banɗakin.

"Yaya, tunda ba kowa ciki, bari in ɗauraye."

"Shiga," in ji Inna. "Ai naka ne."

Yaya ya ɗora akwatin a kafaɗa ya soma sauka. A bayansa injin ya sake tashi.