Ko Cokali Ban Sayar Ba

Matata Kubra tana da wata ƙawa a wurin aikinsu, Felicity, mai sana'ar ƙawata ɗakuna a bayan fage. Ranar da ta fara zuwa gidanmu a Apo, nan Abuja, ta tsaya a tsakiyar falo ta riƙe ƙugu, tana duban kujerun auren Kubra, manya masu ruwan zinari, da kabad ɗin gilashi cike da tangaran, kamar likita ya ga ciwo.

"Oga Maliki, wannan kujera naka ya wuce zamani fa," in ji ta. "Wannan season ba a cika falo. Sai ka bar space, ɗaki ya yi numfashi."

Na ce mata shekara tara muna cikinsa, ban taɓa jin ya yi kukan numfashi ba. Suka yi dariya, suka ci gaba da duba hotuna a waya. Kayan ɗaki na mace ne, iyayenta suka yi mata, don haka na bar musu zancen.

Bayan sati biyu na dawo daga shagona na kayan gyaran mota na tarar da falo wayam. Kujeru da kabad duk an sayar wa wani dillali a Jikwoyi. A madadinsu ga wata doguwar kujera guda, launin ƙasa, gajera, in ka zauna gwiwa ta kai maka haɓa. Ga tabarma shimfiɗe, ga tulu a lungu an cusa masa busasshiyar ciyawa. Ciyawa fa! Irin wadda akuya ma sai ta yi shawara kafin ta ci. Kubra ta ce shi ake yayi a Maitama, unguwar masu kuɗi.

Ana nan sai ga Inna, mahaifiyar Kubra, ta zo daga Bakori ganin jikoki. Ta yi sallama, ta bi falon da ido daga wannan bango zuwa wancan. Kwana biyu ina durƙusawa ina gaishe ta, tana amsawa a taƙaice, abinci ma tsakura kawai take yi. Na ɗauka gajiyar hanya ce.

Rana ta uku da safe ta sa aka kira ni falo. Na tsuguna daga bakin ƙofa, ita kuma ta kawar da kai gefe.

"Baban Kauthar," in ji ta a hankali, don da sunan 'yarmu take kirana, "kasuwa takan juya wa kowa baya, ba a kanka farau ba. Amma kayan ɗakin mace ba a taɓa su, ko da yunwa ake kwana. Ina da saniya guda a gida. Zan aika a sayar, ka je ka fanso kayan yarinyar nan tun baffanninta ba su ji ba."

Ashe kwana biyun nan, a idon tsohuwar nan ni ne mijin da ya karye ya cinye kujerun matarsa. A wajenmu wannan suna ba ya wankuwa, har jikoki sai an yi musu gori. Ga shi ba a musu da suruka, ba kuma zan buɗe baki in kai ƙarar 'yarta a gabanta ba. Na ce, "To, Inna. Allah ya ƙara girma." Na miƙe na fita.

A kicin na tarar da Kubra maƙale a bayan ƙofa, ta ji komai.

"Ke kika ƙulla, ke za ki kwance," na ce mata.

"Wallahi tsoro nake ji, Baban Kauthar."

"Ni ma shi nake ji. Amma sunana ne a kan wuta."

Ta fita tana jan ƙafa, na bi bayanta na tsaya daga bakin ƙofa, ta durƙusa gaban uwarta ta faɗi gaskiya: ita ta fitar da kayan da hannunta, mijinta ko cokali bai sayar ba.

"Ba matsi ba ne?" in ji Inna.

"Ba matsi, Inna. Yayi ne. Kayan gargajiya ake so yanzu, masu kuɗi ma haka suke yi. Kin ga waɗancan ma ado ne."

Ta nuna bayan Inna, inda Felicity ta jera faya-fayai biyar a bango. Inna ta waiga, ta ce a sauko mata da guda. Ta juya shi, ta danna da babban yatsa, ta taɓe baki ta ce ɗinkin ya yi sako-sako, ko ƙwaryar fura ba za ta rufe da shi ba.

Sannan ta ɗan juyo wajen da nake tsaye. "Baban Kauthar, na ɗauki alhakinka. Ka yafe mini."

Na ce ba komai, kunya kamar in nutse.

Ta mayar da ido kan 'yarta. "Shekara shida ina ɗinkin faifai ina aikawa kasuwar Bakori. Da shi na haɗa miki kujerun nan, don kada a ce 'yata tana birni a ƙasa take zama. Da na san nan za a dawo, ai da faya-fayan na loda miki a mota na huta."

Ta yi dariya, dariyar gaske, har tana share ido da gefen mayafi. Kubra ba ta yi ba. Ta kifa kai a cinyar uwarta ta fashe da kuka. Ni da aka wanke, ban ji daɗin da na zaci zan ji ba, tausayinsu ne ya kama ni su biyun. Na ɗauki makullin shago na fita na bar musu falon.